Ƙanwata ta samu D7 a Fiziks: ta sake zama ko ta tafi HND?

Yayar Amira, Aboabo:
Assalamu alaikum mutanen gida. Iyayena da yayyena da ke wannan zaure, shawara nake nema, don kaina ya ɗaure. Sakamakon WASSCE, jarrabawar gama sakandare, na ƙanwata Amira ya fito. Sayans ta karanta. Ga abin da ta samu: Turanci C5, lissafin dole C6, sayans na haɗe B3, Soshal B2, Bayoloji B3, Kemistiri C4, Fiziks D7, lissafin zaɓi E8. Tun tana ƙarama bakinta famasi ne a Tek, wato jami'ar KNUST ta nan Kumasi. Mun kai wa wani malaminta takardar, ya duba ya ce digiri dai bana babu, amma Poli, makarantar fasaha ta Kumasi, za su iya ɗaukarta HND, wato babbar difloma, ta fannin ɗakin gwaji ko ta harhaɗa magani. Babanmu ya ce sam, ta zauna ta yi rimidiyal, wato ajin bita, ta sake rubuta Novdek, WASSCE ɗin da ake yi wa masu zaman kansu a ƙarshen shekara. Ita kuwa yau kwana uku ba ta fito tsakar gida ba. Ko wanne aka zaɓa ni zan biya, daga ɗan shagon atamfar da nake da shi a kasuwar Kejetia, shi ya sa ba na son in ɗebi ruwa da kwando. Wanda ya san kan abin nan ya taimaka mana don Allah.

Alhaji Mai Goro:
Wa alaikumus salam 'yata. Da farko ki gaishe da mahaifinku, ki ce ina bayansa. Yarinyar da ta ci shida cikin takwas ba daƙiƙiya ba ce, darasi ɗaya ne ya kayar da ita. Me zai sa a kai ta Poli? A zamaninmu wanda ƙofar Tek ta ƙi buɗe masa shi ke gangarawa Poli. Shekara ɗaya ba komai ba ce, mai haƙuri shi ke dafa dutse ya sha romonsa. Ta sake zama.

Malamin Kemistiri, Asawase:
Alhaji Allah ya ƙara girma. Bari in fara da ƙa'ida kafin ra'ayi. Don digiri ana son C6 ko abin da ya fi a darussan dole uku da na zaɓi uku. Amira tana da na dole, amma na zaɓi biyu kawai ta ci da kiredit, Bayoloji da Kemistiri. D7 ɗin nan shi ya rufe ƙofar. HND kuwa tana karɓar D7 muddin akwai kiredit a darussan da suka shafi fannin, shi ya sa malaminta ya faɗi haka.

Amma ga abin da ba a gaya wa iyaye. Ko ta sake zama ta mayar da D7 ɗin ya zama C4, famasi a Tek ba ta samu ba. Ana haɗa makin darussa shida ne, wanda jimlarsa ta fi ƙanƙanta shi ne a gaba. Masu kokawar famasi da likitanci a can masu 6, 7, 8 ne. Amira in an haɗa nata yanzu ta haura 20. Kenan ba Fiziks kaɗai za ta gyara ba, kusan duka za ta sake, kuma ta fito da A1 a jere. Yana yiwuwa, na ga yaran da suka yi. Na kuma ga waɗanda suka zauna sau uku, C6 ɗinsu ma ta koma D7, saboda rimidiyal ba makaranta ba ce: safe aji, rana aike, yamma talla.

Sannan Poli ɗin da Alhaji ya sani ta sauya. An kafa ta a 1954, ta zama politeknik a 1963, dokar 2016 kuma ta mayar da ita jami'ar fasaha. Sunanta yanzu Kumasi Technical University, mu ne dai bakinmu ya saba da Poli. HND shekara uku ce, daga baya mutum ya ƙara kamar shekara biyu ya samu digirin B.Tech.

Alhaji Mai Goro:
Malam, an sauya wa tuwo suna ne kawai.

Ɗan Legon:
Ni na yarda da Alhaji, kuma ba don raini ba. Ku je kowace ma'aikatar gwamnati ku duba matakin da ake ɗaukar mai HND da wanda ake ɗaukar mai digiri. Ba ɗaya ba ne. Yaron da ka koya wa aiki da hannunka, gobe shi ne oganka saboda takardarsa. Uku da biyu biyar, ga sabis, wato hidimar ƙasa, shekara ɗaya. In ta yi rimidiyal shekara ɗaya ta yi digiri huɗu, biyar ɗin ce dai. To me ya sa za ta bi doguwar hanya ta iso inda gajeriya ke kaiwa?

Malamin Kemistiri, Asawase:
Lissafinka daidai ne in rimidiyal ɗin ta yi kyau a zama ɗaya. Bambancin shi ne bayan shekara uku mai HND tana da abin neman aiki a hannu, kuma yawanci ƙarin shekara biyun da yamma ko ƙarshen mako ake yi, tana aiki tana biyan kuɗinta. Maganar mataki kuwa gaskiya ka faɗa, ba zan musa ba.

Maman Sudais, Tafo:
Ku bari mai abin ta yi magana. Ni HND na yi ta kimiyyar ɗakin gwaji, yau shekara shida ina aiki a wani kamfanin ruwan leda. Yayar Amira, ki karanta mata wannan, don ta san abin da za ta riƙa yi da hannunta, ba sunan takarda kawai ba.

Ƙarfe shida da rabi na safe nake ɗibar ruwa daga wuri huɗu: bakin rijiyar burtsatse, bayan matatar farko, bayan babbar matata, sai cikin ledar da aka riga aka liƙe. Abu na farko pH, ana son ya tsaya tsakanin 6.5 da 8.5. Ruwan rijiyarmu yakan sauka ƙasa da haka, sai an gyara. Sai gurɓacewa, wato yadda ruwa ya yi duhu-duhu ko da ido bai gani ba, akwai na'urar da ke aunawa, bai kamata ya wuce 5 ba. Sai babban aikin, na ƙwayoyin cuta. Za ki tace mililita 100 ta wata 'yar takarda mai ƙananan ƙofofi, ki ɗora ta a faranti mai abincin ƙwayoyin, ki sa a injin ɗumi ya kwana. Washegari ki ƙirga abin da ya tsiro. E. coli ko ɗaya ba a yarda da shi ba. Ɗaya tak ya isa a tsayar da kaya. Kafin duk wannan kuma sai kin dafa kwalabe da farantai a tukunyar tururi, digiri 121 na minti 15, in ba haka ba ƙazantar hannunki za ki auna ki ɗora wa ruwa laifi.

Duk wannan a makaranta na koya, shekara ta biyu, da lokacin atachmen, wato zuwa koyon aiki a ma'aikata. Na taɓa horar da wani ɗan sabis mai digiri a Kemistiri, yaro mai ƙwaƙwalwa, zai zana miki yadda sinadarai ke haɗuwa a allo har ki yi mamaki, amma bai iya riƙe fifet, ɗan bututun auna ruwa, ba, hannunsa rawa yake. Ba laifinsa ba ne, su ɗari da wani abu ne a aji, sau nawa zai taɓa kayan?

Wahalar kuwa ba a kwalba take ba. Wata rana farantin ya nuna abin da bai kamata ba, motoci uku an riga an loda. Mai kamfani ya shigo da kansa ya ce in sake rubuta takardar. Na ce ranka ya daɗe, sunana ne a ƙasa, in jami'an FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, sun zo ni za su fara tambaya. Wata biyu bai amsa gaisuwata ba. Albashi kuma kada in yi muku ƙarya, ba ya gina gida. Yana dai biyan haya da kuɗin makarantar Sudais, ban taɓa zaman jiran kowa ba tun da na gama sabis.

Ɗan Legon:
Hajiya, ai kin tabbatar da maganata. Kin koya wa mai digiri aiki, yanzu yana ina?

Maman Sudais, Tafo:
Yana gida yana neman aiki, ƙanina. Jiya ma ya turo min saƙo ko akwai gurbi.

Ummu Hanan, Sawaba:
Ni ba ruwana da gardamar digiri da HND. Abu ɗaya zan faɗa, kuma da hawaye na koye shi. Yayar Amira, kafin ki ba kowa ko sidi ɗaya, ki tabbatar da abu biyu.

Na ɗaya, makarantar da kwas ɗin kansa suna da amincewar GTEC, hukumar da ke kula da manyan makarantu. Ba makarantar kawai ba, shi kwas ɗin. Ni wata makarantar kuɗi na shiga, ba zan kama suna ba, gini mai kyau, farar riga, har da bikin rantsuwa. Shekara biyu mahaifiyata tana sayar da koko da ƙosai tana biya. Da muka gama muka je neman rajista aka ce ba a san da kwas ɗinmu ba. Takardar tana nan cikin akwati, ko kunu ba za a ba ni da ita ba.

Na biyu, “lab” ba ɗaya ba ce. Akwai ɗakin gwajin asibiti, akwai na kimiyya da masana'antu irin na Maman Sudais. Mutanen Zango da sun ji lab sai su ce ai asibiti za ta yi aiki. Ba haka ba ne. Wanda zai taɓa jinin mara lafiya sai yana da lasisin hukumar ma'aikatan lafiya, AHPC, kuma sai kwas ɗin da ya yi na asibiti ne wanda suka amince da shi. Na san 'yan mata da suka gama na masana'antu suna zaton Gee, babban asibitin Komfo Anokye, za a kai su.

Maman Sudais, Tafo:
Wallahi gaskiya ne. A ajinmu sai a shekara ta biyu wasu suka gane. Ranar an sha kuka.

Yayar Amira, Aboabo:
Innalillahi. Wallahi ni ma duk a zatona abu ɗaya ne. Har na gaya wa Babanmu cewa in ta gama asibiti za ta shiga. To wanne ya fi?

Anti Lab, Suame:
Ya danganta da yarinyar. Ni na asibiti na yi, ina da lasisi, sai da na rubuta jarrabawar hukuma bayan na gama, kuma ana sabunta shi. Aikinmu jini ne, fitsari, bayan gida, majina. Ranar Litinin kaɗai sai in duba gilashin zazzaɓin cizon sauro ban san adadi ba: a shafa jini, a bar shi ya bushe, a rina da Giemsa, a sa ido a madubin ƙara girma har wuya ya ƙage. Ga gwajin sikila, wanda nake roƙon iyayenmu su riƙa turo yara su yi tun kafin a kai goro, ba bayan an sa rana ba. AS da AS, kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zo da SS. Sau nawa nake fassara wannan da Hausa ga tsofaffin da likita ya yi musu Turanci da Asantanci suka gyaɗa kai ba su gane ba. Wannan kaɗai ya isa dalilin da zai sa a samu 'ya'yan Zango a ɗakunan gwaji.

Amma a sani, akwai aikin dare. Akwai tsoron allura ta soke ka bayan ta fito daga jikin wanda ba ka san me yake ɗauke da shi ba, shi ya sa rigakafin ciwon hanta na B dole ne. Kuma aikin gwamnati sai an jira kiliyarans, wato izinin ɗaukar ma'aikata, daga ma'aikatar kuɗi. Ni shekara uku na jira, ina yi wa wani ƙaramin asibitin kuɗi aiki da abin da bai taka kara ya karya ba. Kada wanda ya ce muku farar riga tana zuwa da albashi a aljihunta.

Ɗan Magani, Alabar:
Tunda famasi take so, me ya sa ba wanda ya yi maganar Dispensing Technology, wato harhaɗa magani? A Poli ɗin nan tamu ake yi, kuma tun da daɗewa an san su da shi. In ta gama ta yi rajista da hukumar famasi, ta zama mai taimaka wa famasist: karanta takardar likita, ƙirga magani, haɗa wasu na ruwa da na shafawa, kula da sito, bayyana wa mara lafiya yadda zai sha. Iyakarta dai ba za ta riƙe babban kantin magani da lasisinta ba, sai da famasist a kai. Shi kuma karatunsa a Tek shekara shida ne yanzu. Ni Dispensing ɗin na yi. Abin da ya fi damuna a aikin samarin unguwa ne masu zuwa neman tramadol ba takarda, in ka hana a ce kana girman kai, alhali tare kuka yi makarantar allo.

Goggo Hajara:
Duk na ji ku. Uku, da ɗaya na sabis, da biyu na ƙari, da uku na jiran kiliya-me? Yarinya tana da shekara 18 yanzu. Ku haɗa min. Ko ba za ta yi aure ba ne? Mu da muka aurar da namu da wuri ba mu ga abin da muka rasa ba.

Maman Sudais, Tafo:
Goggo, ina shekara ta uku aka ɗaura min aure, da cikin Sudais na rubuta jarrabawar ƙarshe. Karatu bai hana ba.

Goggo Hajara:
Ke kin dace da miji. Ba kowa ba.

Anti Lab, Suame:
To Goggo ai shi ya sa. Wadda ba ta dace ba ita ta fi bukatar abin hannunta.

Goggo Hajara:
Yoo, na ji. Hijabi fa? An ce a wuraren nan sai an cire.

Maman Sudais, Tafo:
Ni da ɗankwalina da ƙaramin hijabi nake aiki, ina cusa shi cikin rigar. Babba mai jan ƙasa ne ba ya yiwuwa, saboda wuta da asid, ba saboda addini ba. Gashi ma dole a rufe shi a wurinmu, har maza hula suke sawa.

Baban Zara, Landan:
Salamu alaikum daga nesa. Abin ya ba ni dariya, don gardamar nan ita muka yi a gidana bara. A nan Ingila yaro in ya gama GCSE yana da shekara 16, ko ya yi A-level ko ya yi abin da suke kira BTEC. 'Yata ta zaɓi BTEC ta Applied Science, shekara biyu, babbar ana lissafa ta daidai da A-level uku. Yawancin makin daga aikin ɗakin gwaji da rahoton da suke rubutawa yake fitowa, tare da wasu jarrabawa. Na yi faɗa, na ce wannan na waɗanda suka kasa ne, daidai kalmar Alhaji. Uwarta ta ce in bar ta. Jami'o'i da yawa suna karɓa don kwas irin su kimiyyar gwajin asibiti, amma likitanci kusan duk A-level suke nema. Ba daidai take da HND ta gida ba, tasu matakin sakandare ce, taku ta gaba da sakandare. Abin da ya yi kama shi ne rainin. Ashe har Turawa suna da nasu Poli a zuci.

Alhaji Mai Goro:
Baban Zara, can in yaro ya gama aiki na jiransa. Nan fa? Ɗan ƙanina yana Nima, can Ankara (Accra), da HND ɗinsa a hannu, waya yake gyarawa a Circle.

Malamin Kemistiri, Asawase:
Alhaji, a Circle ɗin akwai masu digiri na biyu ma. Rashin aiki bai tambayi takarda ba. Amma wuraren da ke bukatar mai aunawa suna da yawa fiye da yadda muke zato: kamfanin ruwa na ƙasa yana da ɗakunan gwaji a Barekese da Owabi, inda ruwan famfonmu ke fitowa, akwai hukumar ingancin kaya, akwai FDA, akwai cibiyar binciken amfanin gona a Fumesua, masu duba ingancin koko, kamfanonin magani da na abinci a Tema da Accra, har makarantun sakandare. Ni a makarantarmu mai kula da ɗakin gwaji in bai zo ba, ba a yin firaktikal. Shi ke haɗa asid ɗin da yara za su yi aiki da shi ranar WASSCE, in ya kuskure ƙarfinsa, aji guda ya faɗi.

Yayar Amira, Aboabo:
Jama'a ga mai abin, ta karɓi wayata.

Assalamu alaikum iyayena, Amira ce. Na karanta duka tun daga sama. Gaskiya ni ban san me famasist yake yi ba sai yau, sunan ne kawai yake min daɗi, kuma duk wanda ya tambaye ni a unguwa in na faɗa sai ya ce madalla. Jini kuma ba na iya kallo, ranar layya ma ɗaki nake shiga. Abin da na fi so a makaranta shi ne firaktikal na Kemistiri, lokacin da ake ɗiga asid a hankali har launin ya juya da ɗigo ɗaya. Nakan samu amsa uku kusan iri ɗaya, har ƙawayena suna kwafa. Fiziks kuwa ko na sake shekara biyu ban ga alamar za mu shirya ba, malaminmu ya tafi tun muna aji biyu, ba a kawo wani da wuri ba. Tsorona kawai kada Baba ya ga kamar na zaɓi mai sauƙi ne.

Maman Sudais, Tafo:
Ƙanwata, wanda ya samu amsa uku iri ɗaya a taitireshan yana da hannu. Ba kowa Allah ya ba ba. Amma kada ki ce mai sauƙi. Za ki rubuta rahoto duk mako har yatsunki su yi ƙanta.

Malamin Kemistiri, Asawase:
Amira, na ji daɗi da kika yi magana da kanki. Abu biyu. Fiziks ba za ki tsere masa ba: na'urorin auna haske da launi, lantarki, gyaran ma'auni, duk shi ne, kuma akwai lissafin ƙididdiga. Bambancin shi ne a can za ki gan shi a kan tebur, ba a allo kaɗai ba. Na biyu, ba dole ne a zaɓi ɗaya a yar da ɗaya ba. Kina iya shiga HND, ki kuma yi rajistar Fiziks kaɗai a Novdek mai zuwa. Jami'o'i da yawa suna karɓar sakamakon zama biyu. In ya gyaru, kina da shi a ajiye, in bai gyaru ba, ba ki yi asarar shekara ba. Wannan ita ce maganar da zan kai wa mahaifinki da ni ne.

Ɗan Legon:
Jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya yakan sa a rasa duka, Malam. Shekarar farko ta HND ba wasa ba ce, ku da kanku kuka faɗa.

Malamin Kemistiri, Asawase:
Darasi ɗaya ne, ba takwas ba.

Na Obuasi:
Na makara, ina shif. Tunda yarinya ta ce ba ta son jini tana son Kemistiri, a sa ma'adinai a lissafi. Ni a ɗakin gwajin zinariya nake, na wani kamfani mai kwangila. Ana kawo dutse, a farfasa, a niƙa ya zama kamar garin tuwo. A auna giram 50, a haɗa da sinadarai masu dalma, a sa a tanderu mai zafin sama da digiri 1,000. Dalmar ta narke ta kwashe zinariyar ta zauna a ƙasa. A sake ƙona ta a wani ɗan kasko da ke shanye dalmar, sai a bar ɗan ƙwayar da ba ta kai ƙwayar gero ba. Ita za a narkar a asid a kai na'ura ta faɗi giram nawa ne a tan guda. Da wannan lambar kamfani ke yanke shawarar inda zai haƙa. Kuɗin ya fi na ruwan leda, Maman Sudais ki yi haƙuri. Amma awa 12 ne, dare da rana, ana duba jininmu saboda dalma, kuma kwangila ce, in ta ƙare sai a ce ku jira. Mata suna nan, yawanci a ɓangaren na'ura da awo.

Maman Sudais, Tafo:
Ku ci kuɗinku, ku ne kuka mayar mana da kogin Offin kamar kunun gyaɗa.

Na Obuasi:
Haba Hajiya, wannan aikin 'yan galamse ne, masu haƙar zinariya ba izini, mu da takardunmu muke.

Maman Sudais, Tafo:
Kogi bai san takarda ba. Ka tambayi masu tace ruwa yawan alam ɗin da suke zubawa yanzu.

Mai Kula da Zaure:
Jama'a a dawo kan Amira. Galamse a buɗe masa nasa zaren, mun san inda yake kai mu.

Yayar Amira, Aboabo:
Na gode. Saura maganar kuɗi, don ita ce tawa.

Ummu Hanan, Sawaba:
Ki gode Allah makarantar gwamnati ce kuma a gari take. Daga Aboabo zuwa Poli ko a ƙafa mai ƙwazo zai je, babu kuɗin hostel, tuwon gida za ta ci. Gwamnatin Mahama ta fara ɗauke wa 'yan shekarar farko kuɗin karatu a manyan makarantun gwamnati tun 2025, amma ki tanadi naki a hannu tukuna, ki bi hanyar rajistar yadda suka tsara. Akwai kuma asusun ba ɗalibai rance, yanzu da Ghana Card ake nema, ba sai an kawo mai tsaya wa ba. Abin da ke cin kuɗi a ɓoye shi ne ƙananan abubuwa: farar riga, tabarau, takardun malamai, kuɗin mota lokacin atachmen, aikin ƙarshe na shekara ta uku. Ki riƙa ware wani abu duk mako, ba a fafe gora ranar tafiya. Fom kuma ki saya ta hanyar da makarantar ta sanar da kanta. Duk wanda ya ce ki turo momo, wato kuɗi ta waya, zai sama mata gurbi, ɓarawo ne.

Alhaji Mai Goro:
Na saurari kowa. Yarinyar tana da hankali, na ji maganarta. Amma ni dai har yanzu da 'yata ce sai ta sake zama. Mu Zango mun gaji da zama mataimaka. Mai taimaka wa likita, mai taimaka wa famasist, mai taimaka wa injiniya. Yaushe za a ce ga namu a kan kujerar? Kakanninmu sun zo garin nan da goro da shanu, suka ƙi kai yara makarantar boko don tsoron mishan, muka biya bashin wannan shekara da shekaru. Yanzu da aka samu sakandare kyauta tun 2017 yaranmu suka cika aji, sai kuma mu ce su tsaya a rabin tsani?

Anti Lab, Suame:
Baba, maganarku ta taɓa ni, kuma ba ƙarya a ciki. Amma likitan da ke kan kujerar ba ya rubuta magani sai takardata ta iso. Kuma cikin waɗanda muka yi HND tare, akwai wadda ta yi ƙarin digiri, ta yi na biyu, yanzu ita ke koyarwa. Akwai kuma waɗanda suka tsaya inda suka tsaya. Na rimidiyal ma haka, wasu sun wuce, wasu suna Kejetia ba takarda ko ɗaya.

Yayar Amira, Aboabo:
Anti, a hankali dai, ni ma ina Kejetia, kuma rimidiyal ɗin ce ta ajiye ni a can. Sau biyu na rubuta lissafi.

Anti Lab, Suame:
Subhanallah, ki yafe ni 'yar'uwa, ban sani ba.

Yayar Amira, Aboabo:
Ba komai, ai shi ya sa na kawo maganar nan tun farko.

Ga inda aka kwana. Jiya da daddare na karanta wa Baba saƙon Malam da na Alhaji, duka biyun, ban ɓoye ko ɗaya ba. Ya yi shiru, ya ce shi bai ce e ba, bai ce a'a ba, sai ya ji daga bakin makarantar. Ranar Litinin za mu je ofishin ɗaukar ɗalibai ni da shi da Amira. Na rubuta tambayoyin a takarda: cikakken sunan kwas ɗin kamar yadda zai fito a satifiket, ko na asibiti ne ko na masana'antu, amincewar GTEC, ko D7 ɗinta ta shiga bana, da wane digiri ake ɗorawa a kai. In na manta wani abu ku ƙara min.

Ɗan Magani, Alabar:
Ki tambayi na magani ma tunda kuna wurin, kada ku dawo sau biyu. Ku tafi da asalin takardar sakamakon da kwafi.

Maman Sudais, Tafo:
In kun fito ku biyo ta Tafo, ina aiki har ƙarfe huɗu. Zan roƙi manaja ta shiga ta ga farantan da na sa ranar Lahadi. Amira, ki sa takalmi rufaffe, ba a shiga da silifas.

Baban Khalid, Asokore Mampong:
Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo a tsakiya. Ni nawa yaron Agirik ya karanta, ya samu D7 a Turanci. Shi ma wannan HND ɗin za ta karɓe shi?

Malamin Kemistiri, Asawase:
Baban Khalid, turo sauran bakwai ɗin mu gani.